Shekarar Ƙwallon Muciya

Sandar nan da ke rataye a zaure, wadda jikokina ke hawa kan buhu don su taɓa, ba muciya ba ce, ko da yake ta tuƙa tuwo mai yawa. Ba kuma da ita na yi faɗa da wani Balarabe ba, kamar yadda na ji 'yata Hafsa tana gaya wa 'ya'yanta, don ni ko akuya ban taɓa duka da ita ba. Akwai masu cewa korata aka yi daga Riyad lokacin da ake kamen marasa takarda. Wannan ma ba haka ba ne, iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, lafiyarta ƙalau ranar da na miƙa ta. Tunda ƙarfi ya fara ja baya, kuma kowa na ba da labarin yadda ya ga dama, bari in rubuta muku yadda aka yi muka dawo Malumfashi, da irin hannun da wannan sanda take da shi a ciki.

A lokacin na haura shekara ashirin ina tuƙi a wani kamfanin shimfiɗa bututun ruwa. Muna zaune a Utaiƙa, bayan kasuwar kayan gwari, a wani gida mai ɗaki biyu da falo wanda in an soya albasa a ƙasa sai hayaƙin ya kwana a sama. Kafilina, Balaraben da nake zaune a ƙarƙashin sunansa, mutumin kirki ne, shi ya tsaya mini har na kawo uwarku Rabi. Ita kuwa ba ta zauna haka nan ba. Ta lura gwagwaren mutanenmu, na Najeriya da na Maraɗi da Damagaram, sun gaji da kabsa da burodi, sai ta kafa tukunyar tuwo duk Juma'a. Kafin ka ce kwabo falona ya zama mahaɗa. Ana saukowa masallaci za ka ga takalma jibge a ƙofa, leburori da direbobi da masu gadi, kowa da kwanonsa, ana ci ana musun wane gari ya fi wane.

Abu ɗaya ne yake ci mini tuwo a ƙwarya, shi ne ɗan farina. Sunansa na yanka Abdulhadi, na rubuta a nan saboda takarda ba ta da kunya, amma bakina Babba yake ce masa kamar yadda ƙannensa ke yi. Larabawa dai ba su bar ni na huta ba, don a wurinsu girmamawa ce a kira mutum da sunan ɗan fari, sai in wuni ana ce mini Abu wane, wato uban wane, ina amsawa ina sunkuyar da kai. A asibitin Shumaisi aka haife shi, a Riyad ya yi wayo, bai taɓa taka ƙasar Najeriya ba. Larabci yake mafarki da shi. Hausarsa kuwa in ya yi, sai gwagwaren su kwashe da dariya, shi ya sa ya daina yi sai dole. Yuba yake kirana, uwarsa Yumma. Yaro ya kai sha bakwai, gemu ya fara tsiro, ba shi da garin da zai nuna ya ce nasa ne, kuma ni na san takardar da ke riƙe da shi a ƙasar a jikin tawa take rataye. Duk shekara sai in ce a shirya a kai shi gida ya ga dangi, ya zauna ko na ɗan lokaci. Shi ya ce ba inda za shi. Uwarsa ta ce in bar mata ɗa, sauro ma kaɗai ya ishe shi. Biyu suka haɗu a kan ɗaya, na rasa yadda zan yi, amma abin yana raina kullum.

Ƙwallo ce rayuwarsa. A filayen Suwaidi yake bugawa da abokan makarantarsa, kuma ba don ɗana ne ba, yaron ya iya. Sai dai a wancan zamanin in aka zo rajistar ƙungiya ta sosai, katin ɗan ƙasa ake tambaya. Abokansa su shiga mota da riguna masu lamba, shi ya dawo gida ya ce kansa ke ciwo.

A farkon zafin wannan shekarar aka haɗa ni da wani sabon injiniya, Bature ɗan ƙasar Ailan, sunansa Donal. Dogo ne ja wur, rana ta mai da wuyansa kamar tattasai. Yana da surutu, ni ma ba baya ba, don haka muka shirya da ɗan Turancina na direba da guntun Larabcinsa na kasuwa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne wata sanda da yake yawo da ita a mota, mai tsawon kamar daga ƙasa zuwa ƙugu, bakinta faffaɗa a ɗan lanƙwashe, an ɗaure shi da siririn ƙarfe. Na ɗauka ta awon rami ce. Da na tambaya, sai ya ce ta wasan garinsu ce, wai shi hurlin. Ya ce mutum goma sha biyar-biyar ake yi, da ƙwallo ƙarama kamar lemon zaƙi amma tauri kamar dutse, ana ɗaukar ta a bakin sanda a guje, a maka ta sama. In ta bi ta saman raga tsakanin dogayen turaku maki ɗaya, in ta shiga raga maki uku. Na ce ai mu ma mun yi irinsa muna yara, da karkatacciyar sanda da ƙwallon goruba, har yanzu ga tabon a ƙwaurina. Ya tsayar da ni a gefen titi sai da ya ga tabon. Daga ranar ya daina zama a baya, ya dawo kujerar gaba.

Sandar ta ƙanensa ce, Shemas, manomi mai shanun tatsa. A shekarar an ɗauke shi cikin masu buga wa gundumarsu a gasar gunduma-gunduma ta ƙasar, ajin tsakiya. Donal ya ce su ba su kai manyan taurari ba, sun kuma wuce 'yan koyo, shi ya sa ba a nuna wasansu a talabijin, sai dai gidan rediyon gunduma ya watsa. Kuma gasar sili ɗaya ƙwale ce, aka ci ka sau ɗaya sai baɗi. Na tambaye shi nawa ake biyan su. Ya ce ko sisi. Na ce to in wata gundumar mai kuɗi ta ga Shemas ya iya, ba za ta saye shi ba? Ya dube ni kamar na ce a sayar da uwarsa.

"Idris, ba a sayen mutum a wannan wasa. Inda aka haife ka, nan za ka buga wa, ko sun iya ko ba su iya ba. Har ka tsufa rigarka ɗaya ce."

Maganar ta taɓa ni a inda bai sani ba.

Wasan farko ranar Lahadi aka yi, ranar aiki ce a can. Muna dawowa daga wajen gari bayan la'asar ya haɗa wayarsa da rediyon mota, ya ɗora sandar a cinya ya rungume. Ban taɓa jin mutum mai saurin baki irin mai gabatarwar nan ba, maroƙin da ya ga attajirai uku a layi ɗaya albarka. Ba na tsintar komai sai sunan Shemas, in na ji shi sai in saki sitiyari da hannu ɗaya in ce Allah ya ba da sa'a. Donal yana dukan gaban mota da tafin hannu, yana tashi yana buga kai da rufi. Da aka tashi sun ci, ya sa na tsaya a wani kanti ya sayo lemo kwali guda ya raba wa masu shara.

Ana saura kwana kaɗan wasa na biyu, ranar wata Alhamis, ya manta da sandar a mota. Ya sha gaya mini zafin Riyad na busar da icen har ya tsage, don haka da na isa gida na ce bari in yi abin kirki, na shigo da ita na jingine a lungun da ke tsakanin falo da kicin. Ban gaya wa kowa ko ta mece ce ba. Abin da ban sani ba, a makon nan muciyar Rabi, wadda wata alhajiya ta kawo mata tun daga Funtuwa, ta rabe biyu, kuma ko ka zaga Riyad kaf ba za ka samu muciyar babbar tukunya ba. Ta yi ta mita ban saurara ba. Washegari na tafi masallaci da Babba. Muna dawowa tun daga matakala na ji tana waƙa, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Na leƙa kicin, sai ga sandar gundumar su Donal tsundum cikin tuwon masara, Rabi ta dafe tukunya da ƙafa tana juyawa.

"Malam, Allah ya saka da alheri," in ji ta. "Ashe kana jin maganata kake yi kamar ba ka ji. Dubi har ƙarfe suka sa mata a baki don kada ta tsage. Wanda ya sassaƙa wannan ya san tuwo."

Na yi mata bayani, ta saurara har ƙarshe ba ta daina tuƙi ba, don a cewarta ko ta sarkin Turawa ce ba a barin tuwo a tsakiya ya yi gudaji. Da aka kwashe na wanke sandar da ruwan zafi, na goge, na shanya a inuwa. Duk da haka bakinta ya yi fari sol, kuma in ka kai hanci masara ce zalla. Gwagware suka ci tuwo suna yi mini jaje da dariya. Illa, wani lebura ɗan Maraɗi mai bakin tsiya, ya ce in an kore ni yana da wurin ɗaukar siminti.

Ranar Lahadi na ɗauki Donal, na miƙa masa sandar da hannu biyu na faɗa masa gaskiya tun kafin ya shinshina. Ya juya ta, ya duba bakin, ya sa na maimaita. Sai ya fashe da dariya har da hawaye, ya ce tun da kakansa ya fara wasan nan ba a taɓa yi wa sanda irin wannan hidima ba. Da yamma aka buga wasa, kuma abokan karawar sun fi su ƙarfi nesa ba kusa ba, shi kansa ya ce ba ya sa rai. Aka tashi su Shemas sun ci, kuma Shemas ne ya jefa ta a raga ana dab da tashi. Donal ya daɗe yana kallon farin bakin sandar nan. Sannan ya ce daga yau ba za a sake buga wasa ba sai ta shiga tukunyar Madam. Na ce masa wannan camfi ne, mu a addininmu babu shi, nasara ta Allah ce. Ya ce ya yarda, amma dai a tuƙa.

Haka Rabi ta samu muciya, gundumar su Donal ta samu magoya baya a Utaiƙa. Wasan ƙarshe na yankinsu ya faɗo cikin azumi, sai na ce tunda sandarsa ce ke aiki, ya zo ya sha ruwa da mu ya ga abin da take haifarwa. Ya zo da dabino kwali guda, ya tuɓe takalmi, ya naɗe dogayen ƙafafun nan da ƙyar. Gwagware da suka ji labari suka cika falo tun la'asar, bakuna a bushe, aka ajiye waya a cikin kwanon silba don ƙara ta fito. Matsalar ita ce ba mai jin Turancin mai gabatarwa. Nan aka tuna da Babba, wanda ya yi Turanci a makaranta kuma kunnensa na yaro ne. Da ƙyar ya fito daga ɗaki. Ya fara fassarawa da Larabci, Illa ya ce shi bai zo nan don a yi masa huɗuba ba, a yi masa Hausa. Yaro ya daure ya shiga Hausarsa mai karkata, yana mai da mace namiji, yana cewa sanda ya buga, ƙwallo ya tafi sama. Aka fara dariya, amma da wasa ya yi zafi ba wanda ya sake lura, sai matsowa ake ana cewa sai me, sai me. Illa ya miƙe ya shiga yi wa Shemas kirari, na mai shanu, bijimin da ba a sa masa igiya, mutumin da bai taɓa gani ba kuma ba zai gani ba. Aka ci wasan. Daga bayan labule Rabi ta yi guɗa ƙasa-ƙasa saboda maƙwabta.

Bayan an sha ruwa an yi magariba aka kawo tuwo da miyar kuka. Donal ya ci da hannu, miya na bin gwiwar hannunsa, ya aika wa Rabi godiya ta bayan labule. Sai ya juya wajen Babba ya yaba masa, ya ce ya ji labarin yana buga ƙwallo. Ya tambaye shi, cikin son hira kawai, shi wace gunduma zai buga wa. Babba ya ce Suwaidi. Donal ya ce madalla, yaushe ne wasansu na gaba ya zo kallo? Yaro ya dubi kwano. Kowa a wurin ya san amsar ban da baƙon. Na yi sauri na tura wa Donal nama na canza magana, amma na ga Babba ya wanke hannu bai ƙoshi ba.

Ban sake tayar masa da maganar zuwa gida ba, don na sha yi ba ta yi amfani ba. Abin da na lura kawai shi ne ya fara ɗaukar sandar in ba kowa, yana hawa saman bene yana koyon ɗaga ƙwallon tanis da ita. Wasan kusa da na ƙarshe ma shi ya fassara, aka ci, kuma a ranar har ya yi musu da Illa da Hausa, ya kusa kayar da shi. Mutanenmu suka raɗa wa wasan ƙwallon muciya. Har a wurin aiki sai wani ya tare ni ya ce, Malam Idi, yaushe 'yan muciya za su buga?

Wasan ƙarshe na ƙasa baki ɗaya ya zo bayan ƙaramar salla, ranar Asabar. Donal ya nemi hutu ya je ƙasarsu ya kalla, aiki bai bari ba, ya ce to Utaiƙa ma gida ce. Rabi ta ce ranar girma sai abincin girma, ta ajiye masara ta tuƙa tuwon shinkafa, da miyar taushe da kan rago. Falo bai ɗauki mutane ba, wasu a matakala suka zauna ana miƙa musu labari. Aka yi ta kai ruwa rana, wannan ya ci wancan ya rama, Babba a tsaye yana zuba Hausa, gumi na zuba. Ana dab da tashi su Shemas na baya da maki ɗaya, aka ba su bugun tazara daga nesa. Yaro ya ce Shemas ya ɗaga, ya buga, tana tafiya, tana tafiya. Sai ya dafe kai. Ta bi ta gefen turke.

Ba wanda ya motsa. Donal ya kifa goshi a kan sandar. Can sai muryar Rabi daga bayan labule:

"Laifina ne. Sanda ta saba da masara na kai ta cikin shinkafa."

Da aka fassara wa Donal, dariya ta ƙwace masa yana share ido, sai falon ya ɗauka gaba ɗaya. Aka ci tuwon shinkafar tas, Illa yana cewa shi dai a wurinsa kofin ya zo.

Washegari da yamma Donal ya biyo ni gida don ya ɗauki hularsa da ya manta. Ya zauna ya nuna mana wani hoton bidiyo da 'yar'uwarsa ta turo. Motar 'yan wasa ce ta shigo ƙauyensu, ana yayyafi, ga mutane cike da titi, tsofaffi da lema, yara a kafaɗar iyayensu, an hura wuta a bakin hanya. Wani dattijo a kan bayan akori-kura yana kiran 'yan wasan ɗaya-ɗaya, kowa da sunan ubansa da unguwarsu, ana tafi. Shemas ya sauko da kai a ƙasa, wata tsohuwa ta kamo wuyansa ta rungume. Babba yana leƙe ta kafaɗata. Ya ce da Turanci, amma ai an cinye su. Donal ya ɗaga kafaɗa.

"An cinye su mana. Amma namu ne. Wa zai tare su in ba mu ba?"

Bayan na mai da shi na dawo, na tarar da Babba zaune a matakala shi kaɗai da sandar a hannu, don Donal ya ce a bar ta wurin Madam, ta fi amfani a can. Na zo zan wuce ya matsa mini wuri. Na zauna. Ya daɗe yana kankare busasshen tuwo a jikin ƙarfen da farce. Sannan ya yi magana da Hausa, kuma bai ce Yuba ba.

"Baba, a Malumfashi in mutum ya je, sun san shi?"

Na ce ba su san fuskarka ba, amma in ka faɗi sunan kakanka, mai sayar da rake a tasha ma zai nuna maka ƙofar gidanmu, ya kuma gaya maka wanda ka yi kama da shi.

"Ko mutum bai iya Hausa sosai ba?"

Na ce za su yi maka dariya har ka gaji, amma ba mai tambayar ka kati.

Ya ce to yana so ya je. Na ji daɗin da ban taɓa jin irinsa ba, sai kawai na ce masa ya tashi mu yi isha'i.

Da niyyar tura shi shi kaɗai na shiga wajen Rabi. Ta saurare ni, ta yi kuka, sannan ta ce ita ba za ta raba 'ya'yanta gida biyu ba, kuma tambayar da Babba ya yi yau, Hafsa da sauran za su yi ta gobe. In za a tafi a tafi duka. Ban taɓa zaton daga bakinta maganar za ta fito ba. Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Na bar aikin da ake sa mini albashi kan lokaci da mota mai sanyi, na dawo ina jigilar buhunan masara zuwa kasuwannin ƙauye da tsohuwar mota. Rabi ta bar cinikin da ta gina da hannunta, da Umra da take zuwa duk lokacin da ta ga dama, kuma har yau in an ɗauke wuta cikin zafi sai ta dube ni ta ce a gai da Donal. Ranar da za mu tashi gwagware suka raka mu, Illa ya ce mun mai da su marayun tuwo. Donal ya kawo mu filin jirgi da kansa, shi a sitiyari ni a gefe. Ma'aikacin kaya ya juya sandar ya tambayi ko ta mece ce, Rabi ta ce muciya, aka wuce.

Shekarar farko ta yi wa Babba wuya. Zazzaɓi ya kayar da shi ya sake kayarwa. Yara suka sa masa Ɗan Makka duk da bai taɓa zama a Makka ba, in ya yi magana a kwaikwaye shi. Akwai ranar da ya ce mini da ma bai zo ba, ya kwana biyu ba ya kallon idona, ni ma na kwana ina tambayar kaina ko na cuce shi. Amma yana zuwa filin makarantar firamare da yamma, kuma ƙafa ba ta da karin harshe. Da damina ta zagayo aka zo zaɓen waɗanda za su buga wa ƙaramar hukuma a gasar ƙananan hukumomi, mai horarwa ya tambaye shi ɗan gidan wa ne. Ya faɗa. Mutumin ya ce ai kakanka ne ya yi wa ubana waliyyi, shiga layi.

Wasansu na farko a nan gida aka yi. Ba wata babbar gasa ba ce, fili rabi ciyawa rabi ƙasa, raga an ɗinke ta da igiya, masu rake da gyaɗa sun fi 'yan sanda yawa. Na je da babbar riga na tsaya can baya, don ba girman uba ba ne ya tsaya gaba yana kallon ɗan fari. Mai lasifika ya shiga kiran 'yan wasa ɗaya-ɗaya. Da ya zo kansa ya kira sunansa da nawa da na mahaifina, ya ƙara da unguwarmu, sai na ji gefen fili ya ɗauka, namu ne, namu ne. Yaron ya fito da riga mai lamba, ta yi masa yawa, yana waige-waige yana neman inda nake.

An ce wai na ture mutane na iso bakin igiya, na ɗaga hannu biyu na ƙwala kiran sunansa na yanka, Abdulhadi, har sau uku, a gaban surukaina da limamin unguwa. Na daɗe ina musun wannan magana a gidan nan. To yau na rubuta, haka aka yi, kuma ya ji ni, don ya ɗago mini hannu.

An ci su biyu da ɗaya a ranar. Muka taro su tun daga bakin fili har ƙofar gida, yara na bin su da gudu, aka shimfiɗa tabarmi a zaure. Rabi ta sauko da sandar daga inda take rataye, ta ɗauraye ta, ta tuƙa wa ƙungiyar duka tuwo. Na masara ta yi.